Bindigogin Igwa na Dakar da Makomar Nijar: Waiwaye a kan Kwana Uku na Satumba 1940

Gabatarwa

A cikin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ake koyarwa a makarantunmu, an fi ambaton Afirka ta Yamma a matsayin ƙasar da aka kwashi sojoji da gyaɗa da auduga, ba a cika kawo ta a matsayin filin daga ba. Amma daga ranar 23 zuwa 25 ga Satumba 1940 an gwabza faɗa sosai a bakin tashar jiragen ruwa ta Dakar, inda manyan jiragen yaƙin Ingila, tare da mutanen Janar de Gaulle, suka yi karo da bindigogin igwa da Faransa ta girke a gaɓar teku, suka koma ba su shiga birnin ba.

A wannan maƙala za mu bi tarihin waɗannan bindigogi: dalilin girke su, yadda suke aiki, da abin da suka yi a cikin kwana ukun nan. Abin da muke son nunawa shi ne, harbin da aka yi a Dakar ya yanke wa mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa hukunci, ko da yake tsakaninsu da Dakar akwai tafiyar fiye da kilomita 2,000, kuma ba wanda ya shawarce su. Za mu fara da matsalar kalmomi, domin ita ce ta fara tare mu.

1. Matsalar kalma

Faransanci yana kiran abin da muke magana a kai *batterie côtière*. Kalmar *batterie* ta fito ne daga aikatau *battre*, wato duka, kuma tana ɗauke da ma'anoni da dama: rukunin igwa da ke ƙarƙashin hafsa ɗaya, wurin da aka gina domin girke su, da kuma akwatin ajiye wutar lantarki. Hausa ta ari ma'anar ƙarshe kaɗai, ita ce batir na mota da na rediyo. Saboda haka duk wanda ya rubuta "batirin gaɓar teku" ya ɓad da mai karatu.

Mun duba kalmomin da harshen yake da su. Sansani wurin saukar mayaƙa ne, ana kafa shi ana tashi. Ganuwa tana kewaye gari ne, aikinta tare maƙiyi da jikinta. Ribaɗi, irin wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a Wurno, ya fi kusa ta fuskar zama a bakin iyaka ana dako, sai dai yana ɗauke da ma'anar addini da ba ta dace da nan ba. Don haka muka zaɓi mu ce mazaunin igwa, wato ginin da aka kafe igwa a cikinsa ba ta motsawa daga wurin. Haka nan *cuirassé* mun fassara shi da jirgi mai sulke, domin asalin kalmar a Faransanci ma daga sulke ne.

Ita kanta igwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya gina ganuwar birninsa, ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa a Zinder. Abin lura kuma shi ne, kalmomin bindiga da harsashi da albarushi duk daga Larabci Hausa ta aro su, ta hanyar Sahara. Harshen ya san makamin wuta ta fuskar tudu, bai san shi ta fuskar teku ba, shi ya sa dole mu ƙirƙiro wasu kalmomi a nan.

2. Dalilin girke igwa a Dakar

Dakar tana kan zirin ƙasar Cap-Vert, wanda shi ne ƙarshen nahiyar Afirka ta wajen yamma. Zirin ya lanƙwasa ya yi wa ruwa rumfa ta kudu maso gabas, inda jirage ke samun mafaka, kuma a bakin wannan mafaka ƙaramin tsibirin Gorée yake, wanda tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Duk jirgin da ya taso daga Turai zai tafi Kudancin Amurka ko ƙarshen kudancin Afirka, ta nan yake wucewa.

Wannan ne ya sa Turawa suka daɗe suna ƙwace tsibirin daga hannun juna. Mutanen Fotugal sun iso a 1444, mutanen Holan suka gina ganuwoyi biyu a kai, Faransawa suka karɓe shi a 1677, Ingilishi kuma suka riƙe shi sau da dama, na ƙarshe har zuwa 1817. Tsakanin 1852 da 1856 Faransa ta gina Fort d'Estrées a arewacin tsibirin, gini mai siffar da'ira da tagogin harbi. A 1857 aka kafa Dakar a kan tudu. A 1898, shekarar da Faransa da Ingila suka kusa yin yaƙi a kan Fashoda ta bakin kogin Nilu, aka sa Dakar cikin tashoshin da rundunar ruwan Faransa za ta dogara da su, sa'an nan a 1902 ta zama hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa, wato AOF, wadda Nijar take ciki. Ke nan tun farko maƙiyin da masu ginin suke hange shi ne Ingila.

Manyan bindigogin da suka yi faɗan 1940 tsofaffi ne. Bayan yarjejeniyar Washinton ta 1922, wadda ta ƙayyade yawan jiragen yaƙin manyan ƙasashe, Faransa ta yi ritayar wasu jirage masu sulke da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta cire bindigoginsu ta kai gaɓar teku. Igwa biyu masu faɗin baki milimita 240 da ke kan dutsen Castel a kudancin Gorée, daga jirgin *Vergniaud* aka ciro su, aka girke su a shekarun 1930 cikin rumfarsu ta ƙarfe mai juyawa. Akwai irinsu a Cap Manuel, wato tsinin kudancin birnin, da Bel-Air ta arewacin tashar, ga kuma ƙanana a wasu wurare kamar Yoff da Rufisque. A wannan zamanin makarantar William Ponty tana Gorée, kafin a mayar da ita Sébikotane a ƙarshen shekarun 1930, kuma a nan Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatun malanta. Ƴan Nijar na farko da suka yi zurfi a boko, a gindin wannan dutse suka zauna.

3. Yadda mazaunin igwa yake aiki

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya tsohuwar igwa mai milimita 240 za ta tsaya gaban jirgi mai sulke da ke ɗauke da igwa takwas masu milimita 381? Amsar tana cikin bambancin tudu da ruwa.

Na farko, igwar tudu ba ta rawa. An kafe ta a kan kankare, an auna nisan kowane lungu na ruwan da ke gabanta tun shekaru kafin yaƙi. Masu dako suna wani ɗaki dabam da na'urar auna nisa, suna aika lissafi ta wayar tarho zuwa ga masu harbi, su kuwa harsasai, waɗanda kowane ɗaya ya fi kilo 200, suna ajiye a rumbunan ƙarƙashin ƙasa. Igwar jirgi kuwa tana harbi ne daga abin da igiyar ruwa ke kaɗawa, wanda kuma yake tafiya.

Na biyu, jirgi mai sulke tsawonsa ya kusa mita 200, ana ganinsa sarai a kan ruwa, kuma ko ina aka same shi an yi masa rauni: injinsa, wutar lantarkinsa, ko matuƙinsa. Mazaunin igwa kuwa ɗan ɗigo ne a jikin dutse. Harsashin da ya faɗi mita 30 daga gare shi ƙura kawai zai tayar, sai an dace an sari rumfar kanta. Na uku, jirgin da aka huda yana nutsewa da dukan mutanensa, tudu kuwa ba ya nutsewa. Manufar mazaunin igwa ita ce ta tilasta wa jirgi ya tsaya nesa yana kai da kawowa a cikin ƴar hanya ɗaya, inda jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa za su same shi. Za mu ga cewa haka aka yi a Dakar.

4. Daga Yuni zuwa Satumba 1940

Ranar 22 ga Yuni 1940 gwamnatin Mareshal Pétain ta sa hannu a kan tsagaita wuta da Jamus, kwana huɗu bayan de Gaulle ya yi kira daga Landan cewa a ci gaba da yaƙi. Daga nan Faransa ta zama biyu, kowace tana cewa ita ce ta gaskiya, kuma kowace tana neman ƙasashen mallaka.

Abubuwa uku suka ɗaga darajar Dakar. Akwai tashar kanta, wadda Ingila ke tsoron kada ta faɗa hannun Jamus. Akwai sabon jirgi mai sulke *Richelieu*, wanda ya gudo daga Brest ba a gama haɗa shi ba, ya iso ranar 23 ga Yuni. Akwai kuma zinariyar Bankin Faransa, haɗe da ta Beljiyam da ta Polan, da aka kawo ta jirgin ruwa, daga baya aka wuce da ita Thiès, sa'an nan Kayes.

Ranar 3 ga Yuli Ingilishi suka buɗe wuta a kan jiragen Faransa a Mers el-Kébir ta ƙasar Aljeriya, suka kashe sojojin ruwa kusan 1,300. Ranar 8 ga Yuli jiragen sama daga *Hermes* suka huda *Richelieu* da nakiyar ruwa a Dakar, ya kasa tafiya, amma bindigoginsa suna nan. Wannan ya cusa wa hafsoshin ruwan Faransa ƙiyayyar Ingila, kuma daga cikin ma'aikatan *Richelieu* aka ɗebi waɗanda suka ƙarfafa masu harbi a gaɓa. A cikin watan ne Pierre Boisson, tsohon soja da ya rasa ƙafa ɗaya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya iso Dakar a matsayin wakilin gwamnatin Vichy.

Ta ɗaya gefen kuma, ranar 26 ga Agusta gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi de Gaulle, Kamaru ta bi ranar 27, Brazzaville ranar 28, duk kusan ba tare da zub da jini ba. Churchill da de Gaulle suka ɗauka haka za a yi a Dakar: gari ya waye mutane su ga teku cike da jirage, su buɗe ƙofa. Rundunar ta taso daga Ingila a ƙarshen Agusta. Amma ranar 11 ga Satumba wasu jiragen yaƙin Vichy suka ratsa mashigin Jibraltar ba a tare su ba, biyu daga cikin matsakaitan, *Georges Leygues* da *Montcalm*, suna cikin tashar Dakar ranar da aka fara faɗa.

5. Kwana uku

Ranar 23 ga Satumba gari ya waye da hazo mai kauri. Rundunar Admiral Cunningham, da jirage masu sulke *Barham* da *Resolution* da jirgin dakon jiragen sama *Ark Royal*, tana bakin Dakar, amma mutanen gari ba su ga komai ba. Matuƙan de Gaulle da suka sauka a filin jirgin sama na Ouakam aka kama su. Manzonsa Thierry d'Argenlieu ya shiga tashar a ƙaramin jirgi da farar tuta, aka ƙi karɓar wasiƙarsa, aka harbe shi a ƙafa yana komawa. Da hantsi mazaunan igwa suka buɗe wuta. Hazon ya sa jiragen Ingila matsowa kusa don su ga abin da suke harbi, harsashi mai milimita 240 ya sami *Cumberland* ya lalata masa wutar lantarki, ya fice daga faɗan ya nufi Bathurst, wadda ake kira Banjul a yanzu. Da la'asar mutanen de Gaulle suka gwada sauka a Rufisque, aka tarbe su da wuta, suka janye. A ranar Vichy ta yi asarar jirgin ƙarƙashin ruwa *Persée*, aka kuma ƙone *L'Audacieux* da mutane da yawa a ciki.

Da dare Ingilishi suka ba Boisson wa'adi. Amsar da ya bayar ta shahara: *La France m'a confié Dakar, je défendrai Dakar jusqu'au bout*, wato Faransa ta ba ni amanar Dakar, zan kare Dakar har ƙarshe. Mai nazarin harshe zai lura da ginin jimlar. Mai ba da amana Faransa ce, mai karɓa gwamna ne, Dakar kuwa ita ce kayan da aka ajiye. Mazauna birnin ba su da gurbi a cikin jimlar ko ɗaya. De Gaulle ma da sunan Faransa ya nemi a buɗe masa.

Ranar 24 *Barham* da *Resolution* suka yi ta ruwan harsasai a kan tashar da mazaunan igwa. Faransawa suka rufe tashar da hayaƙi, an nutsar da jirginsu na ƙarƙashin ruwa *Ajax*, harsashi kuma ya fashe a cikin bakin igwar *Richelieu* ya lalata ta. Duk da ɗaruruwan manyan harsasan da aka harba, bindigogin Gorée da Cap Manuel ba su yi shiru ba. Ranar 25 hazo ya washe, jiragen Ingila suka dawo ta hanyar da suka bi jiya, inda jirgin ƙarƙashin ruwa *Bévéziers* yake kwance yana jira. Ya sami *Resolution* da nakiya, ruwa ya shiga, jirgin ya karkata, sai da *Barham* ya ja shi zuwa Freetown ta Saliyo. A ranar aka ba da umarnin janyewa.

Fiye da mutum 150 suka mutu a ɓangaren Dakar, kuma da yawa daga cikinsu farar hula ne, domin harsasan da suka kuskure tashar cikin unguwanni suka faɗa. An gina wa igwa rumbun kankare, an tsare jirgi da hayaƙi, an gusar da zinariya can cikin ƙasa. Talakan birni kuwa ƙafarsa ce kaɗai mafakarsa, jama'a da dama suka fice zuwa ƙauyuka.

6. Abin da ya biyo baya a Nijar

Da Dakar ta buɗe ƙofa, da AOF gaba ɗaya ta bi sahun Cadi tun 1940. Da yake ba ta buɗe ba, Nijar ta zauna ƙarƙashin Vichy har wata 26, zuwa Nuwamba 1942, lokacin da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Afirka ta Arewa, Boisson ya juya ya bi Admiral Darlan.

A cikin wannan lokaci Nijar ta zama ƙasar bakin daga ta fuska biyu. Ta gabas akwai Cadi, inda Leclerc ya taso ya ci Kufra a Maris 1941. Ta kudu akwai Nijeriya ta Ingilishi, inda tun Satumba 1940 jiragen saman yaƙi da aka haɗa a Takoradi suke bi ta Kano da Maiduguri da Fort-Lamy zuwa Masar, suna raɓar iyakar Nijar. A ƙarshen 1940 aka ɗora soja, Janar Falvy, a kan mulkin ƙasar, aka tsananta tsaron iyaka, aka ƙara aikin dole na hanyoyi.

Iyakar da aka rufe kuwa ita ce wadda ta ratsa tsakiyar ƙasar Hausa: tsakanin Maraɗi da Katsina, tsakanin Damagaram da Kano, tsakanin Ƙonni da Sakkwato. Gyaɗar kudancin Nijar ta jirgin ƙasan Kano take fita zuwa teku, yadi da kananzir da sauran kayan kanti kuma ta nan suke shigowa. Rufe ta ya kawo ƙarancin kaya, ya mai da fataucin da aka gada kaka da kakanni ya zama fasa-ƙwauri, ya sa ziyarar dangi ta zama abin tuhuma. Mutane da yawa sun tsallaka kudu don gudun haraji da aikin dole. Hukuncin hulɗa da Ingilishi kuwa ba wasa ba ne: ranar 10 ga Nuwamba 1941 aka harbe Albert Idohou da Agoussi Wabi, mutanen Dahomey, a Dakar saboda taimakon masu leƙen asiri da suka shigo daga Nijeriya.

Sai dai kada mu ɗauka cewa ɗaya Faransar aljanna ce. A ƙasashen da suka bi de Gaulle tun 1940 an matsa wa talakawa su kawo roba da zinariya domin yaƙi, kuma bayan 1943, da AOF ta koma hannunsa, neman hatsi da dabbobi da sojoji ƙaruwa ya yi. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye da ke bayan Dakar, sojojin Faransa mai ƴanci suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga bursunan Jamus suna neman haƙƙinsu. Ba a soke aikin dole ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946. Abin da igwar Dakar ta yanke shi ne wace Faransa za ta yi mulki, da kuma ko iyakar kudu za ta zama ta aboki ko ta maƙiyi. Wannan na biyun shi ne ya taɓa tukunyar manomin Gobir da ta bafataken Damagaram.

Kammalawa

Bindigogin Castel suna nan a kan dutsen Gorée, sun yi tsatsa, Faransawa sun lalata su kafin su miƙa mulki a 1960. An sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1978, Fort d'Estrées kuma ya zama gidan tarihi a 1989. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023, sun miƙa sansaninsu na ƙarshe a Senegal a Yuli 2025.

Faɗan kwana ukun an rubuta shi sa'a bayan sa'a, da sunan kowane jirgi da faɗin bakin kowace igwa, domin rundunonin ruwa suna ajiye littafin aiki. Wata 26 da suka biyo baya a kudancin Nijar kuwa, mafi yawan abin da aka rubuta a kansu rahotannin kumandan ne, da Faransanci, daga bakin mai rufe iyaka. Abin da mutane suka faɗa da Hausa yana cikin sunayen da suka laƙaba wa shekarun, da kalmomin bariki da tsofaffin sojoji suka dawo da su, da labaran tsallaka iyaka da dare da iyaye suka ba ƴaƴansu. Waɗanda suka ga zamanin da idonsu saura ƙalilan, amma ƴaƴansu suna nan a Maraɗi da Tasawa da Magarya da Ƙonni. Muna ba ɗalibanmu masu neman batun bincike shawara su ɗauki rakoda su je su tattaro waɗannan kalmomi, gari bayan gari, su rubuta kowace da ma'anarta da bakin wanda aka ji ta.